Aljihu na Uku

A Waca, in baƙo ya tambayi gidan Alkasim, sai a ce masa, wanne daga ciki? In ya ce mai famfo, to magana ta ƙare, ko mai tallan fura za ta nuna masa ƙofar da haɓarta. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya, tafin hannunsa ya yi kanta saboda riƙon ƙarfe. Famfunan tuƙa-tuƙa goma sha huɗu ne a hannunsa, daga ƙauyukan Waca har cikin ƙasar Kwaya, kuma ya san halin kowanne yadda makiyayi ya san shanunsa: wanda ke cin sarƙa, wanda ke jawo yashi da bazara, da wanda lafiyarsa lau sai ranar da ake biki a garin.

Ya ɗan zauna a lakwal, wato makarantar boko, har ya iya haɗa baƙi, amma ba can ya koyi aikin ba. A hannun Mala ya tashi, wani Babarbare maginin rijiya da ya zauna a Waca har ƙasa ta rufe masa ido. Mala bai bar gona ba, bai bar dabba ba. Abin da ya bar wa Alkasim ƙa'ida ce guda ɗaya: mai gyara ba ya cewa ya gama. Rijiya sai ta kwana uku ana jan ta, sannan ka koma, macen da ta fi kowa tsufa a wurin ta ɗebo ruwan a ƙoƙo ta miƙa maka, ka sha. In ta ce sannu da aiki, to aiki ya ƙare. Kafin nan, in ji Mala, abin da ka yi zato ne kawai.

Da zamani ya juya, famfo ya karɓi wurin rijiya, Alkasim ya koyi kwance sarƙa da zaro bututu, amma bai ajiye ƙa'idar ba. Ya ma ga ta fi kama famfo. Sabuwar robar da ke jawo ruwa a cikin bututu, ranar da aka sa ta, ba ta faɗin gaskiya. Ruwa zai zubo kamar da bakin ƙwarya, kowa ya yi murna. Sai mata sun tuƙa ta daga hantsi zuwa faɗuwar rana, yau da gobe da jibi, sannan a san ko ta zauna ko yashi ya cinye ta.

Da yake famfuna da yawa, kai kuma ɗaya, sai ya samo dabararsa. Yana da tsofaffin notuna na ɗaure ƙarfe goma sha huɗu a cikin gwangwanin tumatir, kowanne da alamarsa, kowane noti famfo guda. Rigar aikinsa kuwa aljihu uku gare ta. In labari ya zo famfo ya lalace, notinsa ya shiga aljihun hagu. In ya gyara, ya mai da shi aljihun gaba, wanda ke bisa ƙirji. Nan notin zai zauna yana dukan ƙirjinsa duk sa'ad da ya sunkuya, ko a gona, ko a ruku'u, har kwana uku. Sai ya sha ruwa a ƙoƙo noti ke sauka aljihun dama, da maraice ya koma gwangwani. Matarsa Saratu, wadda ta yi shekara ashirin tana ɗinke aljihunan da ƙarfe ya huda, takan ce ita ba mutum ta aura ba, allura ta aura.

Shekara biyu da suka wuce wani furoje, wato shirin taimako na samar da ruwa, ya buɗe buro, ofishinsa ke nan, a Dungas, ya tattara masu gyaran famfo na yankin. Aka ba Alkasim babur. A da, zuwa famfo mafi nisa, na Gidan Kalgo a ƙasar Kwaya, wuni guda ne: ya jira taksi ta cika, ya sauka a mararraba, ya nemi amalanken jaki da zai ɗauki ƙarafansa. Da babur kuwa yakan zaga gari uku kafin azahar. Bai taɓa yabon babur ɗin da baki ba, sai dai kullum da buhu yake rufe shi, kuma ba ya aron sa ko ga ɗan ɗakinsu.

Bana, da shigowar bazara, aka ƙara musu abu biyu. Na farko riga ce mai tambarin furoje a ƙirji, aljihu biyu a gefe, aka ce da ita za a riƙa fita aiki. Na biyu salula. Wanda ya miƙa masa ita Munir ne, mai kula da masu gyara a buron Dungas, matashi mai ladabi wanda ya yi karatu a Damagaram.

"Baba, ka ga nan?" in ji Munir. "In ka buɗe intanet, shafin zai fito da kansa. Wannan farin gurbin na sama, nan ake rubuta aiki, a danna nan, ya sauko ya zama layi. Ni ma ina rubuta maka daga buro. Abin da ka gani, shi nake gani a na'urata. In ka gama aiki, ka taɓa ɗan akwatin da ke gefen layin. Shi ke nan, layi ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ya tafi dai, Baba. An gama da shi. Amma in layi ya wuce kwana biyu ba a taɓa shi ba, sai ya koma ja. Ja ba shi da kyau."

Alkasim ya juya salular, ya duba bayanta kamar mai neman wata ƙofa.

"To wanda aka gyara amma bai kwana ba fa, ina ake sa shi?"

Munir ya yi murmushi. "Abu biyu ne ai. Ko an yi, ko ba a yi ba."

"Aljihu biyu ke nan," in ji Alkasim. Munir ya ɗauka zancen rigar yake, ya ce ai sun isa.

Gaskiya dai shafin ba mugun abu ba ne. Labarin famfon da ya lalace, wanda a da sai ya bi bakin mutum uku kafin ya iso Waca, yanzu da safe yake samun sa a rubuce. Amma kafin a ga rubutun akwai aiki. A gidan Alkasim babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sai ya hau tudun da ke bayan tasha, ya ɗaga salula sama kamar mai nuna wa Allah abin da aka ba shi, ya jira wani ɗan zobe ya gama juyi a tsakiyar gilashi. Wata rana ya fito, wata rana ya bar shi tsaye cikin rana har masu kabu-kabu su fara tambayarsa ko wata yake dubawa. Gilashin kuma bai san yatsansa ba. Kanta ta yi masa kauri, ya danna, ya danna, shiru. Daga baya ya gano ɗan ƙaramin yatsansa na hagu kaɗai abin yake yarda da shi, shi da bai taɓa aikin kirki ba.

Duk wannan da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne jan layi. Shafin kwana biyu ya sani, Alkasim kwana uku. Saboda haka duk famfon da ya gyara sai ya yi ja kafin ya taɓa shi.

Munir ya kira shi wata safiya.

"Baba Alkasim, ina kwana? Shafinka fa kamar an yanka rago a kai."

"Lafiya lau, Shef. Ai na gyara su."

"To ka taɓa mana."

"Jibi."

"Jibi kuma? Me ake jira?"

"Ana jira su kwana."

"Baba, famfo ne fa, ba amarya ba."

Alkasim bai yi dariya ba. Ya zauna ya yi tunani, ya samo hanya. In ya gyara famfo sai ya taɓa akwatin yadda ake so, sannan ya rubuta sabon layi da ɗan yatsansa: komawa gari kaza. Mako biyu yana haka, ransa ya ɗan kwanta. Ran nan ya hau tudu ya tarar duk layukan komawa an share su. Munir ya ba shi haƙuri. Ya ce manya a Damagaram kowane layi famfon da ya lalace suke ɗaukar sa, yanzu ga shi a idonsu famfunan Alkasim sau biyu suke mutuwa, har an fara tambaya ko gyaransa ba ya riƙewa. Shekara talatin ba a taɓa cewa gyaransa ba ya riƙewa ba. Ya koma barin layuka suna yin ja.

A cikin watan da ya biyo baya Munir ya kira shi buro, ya rufe ƙofa, ya zuba masa shayi da kansa. Ya ce babura sun yi kaɗan. An ɗauki wani sabon mai gyara, Ɗayyabu, mutumin Dungas, ba shi da abin hawa, amma shafinsa fari tas kamar ƙwaryar nono. Manya sun yanke cewa ranar taron ƙarshen wata za a buɗe shafin kowa a gaban kowa. Wanda aka samu da jan layi, ko guda ɗaya, babur ɗinsa zai koma hannun wanda ba shi da shi.

"Ni na san aikinka, Baba," in ji Munir. "Amma su shafi suka sani. Ka taimake ni in taimake ka."

Da ya koma gida ya zauna a gindin bishiyar bedi ya zuba tagumi, har Saratu ta gane akwai magana. Da ta ji, ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, taɓawa ce fa kawai. Ba rantsuwa aka ce ka yi ba."

"In na taɓa, na ce na gama."

"Ka gaya wa wa? Gilashi? To in an karɓe babur ɗin, gwiwoyin nan naka masu ƙara kamar ƙyauren kara, su za su kai ka Kwaya? Mala, Allah ya jiƙansa, har ya mutu bai hau babur ba. Shi ya sa ƙa'idarsa ba ta yi masa nauyi ba."

Washegari ya sa rigar furoje, ya bar tsohuwar a rataye, gwangwanin notuna kuma a bisa katanga. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji shi a ransa. Zai taɓa yadda ake so, komawar kuma zai riƙe ta a ka.

Aikin farko da ya tarar a shafi shi ne Gidan Kalgo. Famfon garin na masu jawo yashi ne. Ya zaro bututu da taimakon mazan gari, ya canza roba, ya mayar. Kafin la'asar ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. A bakin famfon akwai Gimbiya zaune a kan turmi. Ƙanwar kakarsa ce, ta kusa casa'in, ita ce mai miƙa ƙoƙo a garin tun zamanin Mala, kuma da wasan jika da kaka take kiran sa mijinta.

"Mijin nan nawa ya yi sabuwar riga bai saya mini zane ba," in ji ta.

"Ke da ba ki da haƙoran yi mini murmushi, zanen me?"

"Tafi can. Sai gata, zan wanke ƙoƙo."

"In Allah ya kai mu."

Da gaske yake. A hanyar komawa ya tsaya a kan wani tudu inda rezo ke ɗan leƙowa, ya buɗe shafin, ya kai ɗan yatsansa kan akwatin. Wani siririn zare ya ratsa sunan Gidan Kalgo, sunan ya dushe, ya ɓace. Shafi ya yi fari. Ya tsaya yana kallon wurin da sunan yake a da, sannan ya tayar da babur.

Bazara ce, lokacin da famfuna ke faɗuwa kamar an haɗa baki. Washegari layi huɗu ya tarar. Rana ta biyu, uku. Ya riƙa bin shafi, ya gyara, ya taɓa, ya gyara, ya taɓa. Munir ya kira shi musamman don ya ce masa madalla. Wasu garuruwan da ke kan hanyarsa ya leƙa su, ya sha ruwa. Gidan Kalgo kuwa ba kan hanyar kowa yake ba, kuma in ya sunkuya ba abin da ke dukan ƙirjinsa.

Kwana goma sha biyu bayan haka, ranar kasuwar Dungas, yana tura babur ta layin masu ƙwarya, sai ya ji murya daga inuwar wani amalanke.

"Kai, mijin banza! Ashe kana raye?"

Gimbiya ce. Tun kafin ta ƙara magana ya tuna bai koma Gidan Kalgo ba. Ya jingine babur ya durƙusa.

"Na wanke ƙoƙo, na zauna a bakin famfo har inuwa ta juya," in ji ta. "Ranar ma famfon ya soma tari. Kafin magariba ko ɗigo. Muka ce ai yana tafe, Alkasim ba ya saɓa kwana uku. Washegari muka ce hala babur ne ya lalace. Da aka yi kwana biyar muka ce lalle rasuwa aka yi musu, kada a dame shi da zancen ƙarfe. Har na sa a tambayo mini ko Saratu ce."

"Kowa lafiya, Kaka."

"Na gani. Har ka yi ƙiba."

"Ba wanda ya kira buro?"

"Maigari ya kira. Aka duba, aka ce masa a na'ura an rubuta an gyara, wataƙila tsohon labari yake bayarwa. To mu ce me? Na'ura ta sha ruwanmu ta ce da daɗi." Ta gyara zama. "Tsohuwar rijiyar fadama muka koma. Ka san ta. Ruwan kamar kunun kanwa, tafiyar kuma mai ciki ba ta yin ta sau biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi yi masa ciwo. Ya bar cefanen da Saratu ta aike shi, ya kama hanyar Gidan Kalgo da tsakar rana. Da aka zaro bututu ya ga abin da ya zata, har da ƙari. Yashi ya cinye robar tun rana ta uku, mata kuma sun yi ta tuƙawa a bushe suna sa rai, har ƙarfen da robar ke gudu a cikinsa ya kakkarce. Da ya zo ran gata, aikin rabin sa'a ne. Yanzu sai an samo wani ƙarfen daga Magarya.

A kan tudun nan ya buɗe shafi yana neman tsohon layin, ko zai dawo da shi. Ya ja sama, ya ja ƙasa, babu. Abin da aka taɓa ya tafi, kamar yadda aka gaya masa. Sai ya rubuta sabo da hannunsa: Gidan Kalgo, famfo bai gyaru ba. Ya san abin da yake yi. Saura kwana biyar taro.

Ƙarfen bai samu ba sai da ya yi sawu biyu zuwa Magarya. Kafin ya dawo da shi layin ya yi ja. Ranar da zai ɗaura, da sassafe, ya sauke tsohuwar rigarsa daga ƙusa, ya kaɗe ta, ya sauko da gwangwani. Saratu tana kallon sa daga bakin murhu. Sai kuma ta mai da ido kan tukunya. Ya ɗaura ƙarfen, ruwa ya zubo, wannan karon ba wadda ta yi guɗa. Ya zaro notin Gidan Kalgo, mai guntun jan fenti, ya jefa a aljihun gaba. Ran nan saura kwana biyu taro.

An yi taron a buron Dungas da hantsi. Masu gyara bakwai a kan benci, Munir a gaban na'urarsa, gefensa wani babba da ya zo daga Damagaram, mai farin gilashi, yana duba agogo. Tun a ƙofa Munir ya ja Alkasim gefe.

"Baba, layi ɗaya ne ya rage maka. Ka gyara ko ba ka gyara ba?"

"Na gyara shekaranjiya."

"Alhamdu lillahi! To taɓa, nan akwai rezo."

"Kwanansa biyu."

"Don Allah, Baba. Gobe ka je ka sha ruwanka, wa ya hana ka? Ba ƙarya za ka yi ba, ka gyara!"

"Wancan karon ma na gyara."

Munir ya share goshi. "To ni bari in taɓa maka daga nan. Hannuna ne, ba naka ba."

Alkasim ya dube shi, ba da faɗa ba. "In kai ka sha ruwan, Shef, taɓa."

Munir ya kai hannu kan na'ura. Ya daɗe a haka. Shi ne ya amsa kiran maigarin Gidan Kalgo kwanakin baya, ko da yake ba wanda ya tuna masa. Ya janye hannun.

Aka buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya. Shida farare. Na Alkasim da jan layi guda a tsakiya, kamar tsagar wanzami. Baƙon ya tambayi dalili. Alkasim ya miƙe ya fara bayani a hankali, yadda yake komai: roba, yashi, kwana uku, ƙoƙo. Har ya sa hannu a aljihun gaba zai fito da notin. Mutumin ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai, ya ce al'ada abu ne mai kyau ƙwarai, ya kamata a rubuta ta wata rana. Sannan ya ce doka dai an riga an faɗe ta, in aka karya ta a kan mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da tasa. Ya sake duba agogo.

Alkasim ya bar notin inda yake. Ya ciro makullin babur ya ajiye a tebur. A waje ya kwance ƙarafansa daga bayan babur, ya naɗe buhun da yake rufe shi da shi, ya miƙa wa Ɗayyabu.

"Ba ya son rana," in ji shi.

Ɗayyabu ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Baba, wallahi ban nema ba."

"Na sani. In ka hau yashi ka rage iskar ƙafar baya."

Da ya iso gida a taksi, Saratu ta dubi bayansa ta ga ba komai. Ta kawo masa ruwa. Sai da ya sha ta ce, "Ai sai ka ci tuwo da ƙa'ida." Can kuma ta ce ya tuɓe rigar, bakin aljihun gaban ya fara saki.

Washegari ya fita tun da sanyin safiya. Taksi ba ta cika ba sai hantsi ya dubi ludayi. Ya sauka a mararraba, bai sami amalanke ba, ya taka. Gwiwoyin suka yi abin da Saratu ta ce za su yi. Ana kiran la'asar ya shiga Gidan Kalgo. Tun daga nesa ya ji ƙarar hannun famfo, ya tsaya ya saurara, don daga ƙara yake sanin lafiyarsa. Jarkoki sun yi layi, ruwa yana zuba da kauri.

Gimbiya tana kan turminta.

"Ina dokin ƙarfen? Ko ka sayar ka yi mini lefe?"

"An karɓe."

Ta dube shi daga hula har ƙafafunsa masu ƙura. Ba ta tambayi dalili ba. Ta miƙe da kyar, ta ture wata mai jarka, ta tara ƙoƙo da kanta, ta ɗaga shi wajen haske tana duban ko akwai yashi a gindi. Sannan ta miƙa masa. Ya durƙusa ya shanye.

"Sannu da aiki," in ji ta. Ta karɓi ƙoƙon ta ƙara da cewa, "Mijin ƙafa ma miji ne."

A hanyar komawa ya hau tudun nan. Zoben ya yi ta juyi har ya fid da rai, sannan shafin ya fito. Ya kai ɗan yatsansa ya taɓa akwatin, jan layin ya dushe ya tafi. Ya ciro notin daga ƙirji ya sa a aljihun dama. Babu wanda ya gani sai wata akuya.

Yanzu famfuna takwas na kusa ne a hannunsa, na nesa an ba Ɗayyabu. Gidan Kalgo dai ya ce a bar masa, aka bar masa, don ba mai rububin sa. Kullum da safe yana hawa tudun bayan tasha da salula a sama, masu kabu-kabu sun gaji da tsokanarsa. Layukansa suna yin ja, suna tafiya a rana ta uku. Munir ya daina kira a kan haka. Ya ce ya rubuta wa Damagaram a nemi shafi mai akwati uku, har yau ba amsa.

Kwanan baya, da ruwan farko ya sauka, Ɗayyabu ya tsaya da babur a ƙofar gidan. Aka gaisa, aka yi zancen shuka, aka yi zancen tsadar roba, ya ƙi tafiya. Daga ƙarshe ya ce akwai wata tsohuwa a wani ƙauyen Kwaya da ta aiko masa sau biyu, wai ta wanke ƙoƙo, shi kuma bai san laifin da ya yi ba. Alkasim ya gaya masa. Ɗayyabu ya shafa tambarin da ke ƙirjin rigarsa, inda babu aljihu.

"Baba, ba ka da wani tsohon noti da ba ka so?"

"Nawa duk da masu su. Ka nemi naka."

Daga cikin gida Saratu, wadda ke jin su, ta ɗaga murya.

"Ka gaya wa matarka ta sayi allura!"